Na'a-na'ar Tabawa

Sahabi manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Falanko. Ya haura shekara saba'in, kuma ba ya jin akwai mutum a duk Damargu da zai nuna masa yadda ake sa iri a ƙasa. Gero yake nomawa, da wake, da ƴar gyaɗa idan damina ta yi kirki. Ba shi da yawan magana. Idan ya ce a'a, ba a sake tambayarsa.

Matarsa Tabawa ta kwanta tun ƙarshen sanyi. Ciwon a ciki yake. Duk abin da ta haɗiye sai ya dawo, tuwo ne ko fura, wani lokaci har ruwan randa. An kai ta likita a Tanut, aka duba ta, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce a kula da cinta. Ƙwayoyin ma dawowa suke yi. Macen da a da take ɗauko damin gero daga gona ba ta sauke ba sai a bakin rumbu, yanzu bango take dafawa kafin ta kai ƙofar ɗaki.

Ɗansu na fari, Ila, yana aiki a arewa, wajen Tamanrasat. Da labari ya same shi ya zo, ya yi kwana tara. Ya kawo gwangwanin madara cike da busasshen fure, ƙanana, fari da rawaya a tsakiya. Ya ce Larabawan can babunaj suke ce masa. Ya nuna wa matarsa Kadi yadda ake yi. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, sannan a zuba furen tare da ɗanyen ganyen na'a-na'a, a rufe, a bari ya jiƙa. Ba a dafa shi kamar shayi. Ran da Tabawa ta fara sha, ta jira kaɗan, aka ba ta kunu ludayi biyu. Kunun ya zauna. Washegari ta sha ludayi huɗu. Kafin Ila ya koma har ta fara zama a tabarma a tsakar gida tana tsintar wake.

Ita na'a-na'ar a gida take. Bayan ɗakin Tabawa, ƙarƙashin dogon yaro, akwai wani ɗan wuri da bai fi tabarmar salla ba, inda mutanen gidan ke alwala. Rijiyar garin gaba arba'in ce, jakuna ke jan guga, ba wanda ke zuba ruwa a ƙasa saboda ganye. Da ruwan alwala na'a-na'ar take rayuwa. Tabawa ce ta zo da saiwarta daga gidan uwarsu a Belbeji, ƙunshe cikin jiƙaƙƙen tsumma, shekarar da aka kawo ta gidan nan. Shekara arba'in da shida ke nan. Shekarun da shanu suka mutu, da waɗanda aka ci dusa, duk ta tsallake su. A garin kaf babu wata sai ita.

Da Ila ya tafi, Sahabi ya karɓi aikin haɗa ruwan da kansa. Shi ke yin shayi a gidan tun asali, ba zai bar suruka ta riƙa hura masa gawayi a furno ba. Bai tambayi kowa yadda ake yi ba. Ya dai kalla ta gefen ido lokacin da ake nuna wa Kadi, ya riƙe. Kullum da hantsi da kuma bayan la'asar zai tafasa ruwa, ya ɗebi fure da yatsu uku, ya tsinko ganye bakwai ko takwas, ya rufe butar da hularsa, ya zauna yana jira.

Tsakaninsa da Ila akwai kunyar ɗan fari, kuma Sahabi ya riƙe ta yadda ya same ta wurin ubansa. Bai taɓa kiran sunan yaron ba. Bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. A kwana taran nan gaisuwa ce kawai ta haɗa su, shi yana kallon gabas, Ila yana durƙushe yana kallon ƙasa. Tabawa ma "yaron nan" take ce masa, ga shi da furfura a gemu. Saboda haka ko furen ba sa ce masa na Ila. Furen arewa suke cewa.

Da bazara ta kankama, Sahabi ya sa yatsa a gwangwani ya ji ya shige har gaɓa ta biyu kafin ya taɓa fure. Bai gaya wa kowa ba. Ya mayar da murfi, ya danne da tafin hannu. Ya san abin da ke cikin gwangwanin nan shi ne ke riƙe da matarsa, ya kuma san ba zai kai kaka ba.

A cikin makon ne Attahir ya zo. Makiyayi ne daga Tenhya, tsohon abokin Sahabi, sun fi shekara talatin suna musayar gero da cuku. Ya ce wani direba ya ba shi saƙo a kasuwa, daga Ila. Ya kwance bakin rawaninsa ya fito da ƴar takarda a ninke. Irin furen ne. Attahir bai zauna ba, raƙumansa suna jiran ruwa.

Sahabi ya buɗe takardar a inuwa, ya juya wa iska baya. Abin kamar ƙura. Ya taɓa da yatsa, ya manne masa a fata, da ƙyar yake ganin ƙwayar. Ya daɗe yana kallo. Shi dai ya san iri da nauyinsa a hannu, wannan kuwa ko numfashi mai ƙarfi ya yi sai ya rasa shi.

Ran nan da yamma saƙon murya ya shigo wayar Kadi. Ila ne, yana cewa zai shiga daji wajen haƙar zinariya, inda babu rezo, waya ba ta shiga, shi ya sa yake so ya yi bayani tun yanzu. Kadi ta zo ƙofar ɗakin Tabawa ta durƙusa ta kunna. Sahabi yana gefe yana gyara gawayi. Muryar tana fitowa ya ajiye mafici, ya zura takalmi, ya fita zaure. Ba zai zauna gaban mata yana sauraron ɗan farinsa ba. Sai da ya tabbata an gama ya dawo.

Kadi ta ji duk abin da mijinta ya faɗa, amma ba ta da bakin gaya wa surukinta. Shekara goma sha biyu tana gidan, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, balle ta koya masa shuka. Ta bar wa Tabawa maganar. Ita kuma Tabawa ta san mijinta, sai ta rage wa maganar kaifi. Da ya kawo mata finjali ta ce yaron nan ya ce a dakata da irin sai sanyi ya shiga, kuma wai ba ya son zurfi.

Sahabi ya ce sanyi saura wata biyar, gwangwani kuwa ba zai yi kwana sittin ba. Ya ce irin da ba a rufe ba abincin tururuwa ne da kaji, wannan ko yaron goye ya sani. Ya ce damina hamsin da ɗoriya ya yi yana shuka, bai taɓa jin abin da ke tsiro a sarari ba sai ciyawa. Tabawa ta buɗe baki za ta ƙara, ta dubi fuskarsa, ta mayar da bakinta kan finjali.

Kwana biyu yana zagaya gidan yana duba ƙasa. Ko'ina rairayi ne busasshe, mai zafi kamar toka. Wuri ɗaya ne ke da laima da inuwa da baƙar ƙasa. Ya tsaya a kansa ya daɗe. A ransa ya ce na'a-na'a ko a wace kasuwa ana samunta, furen arewa kuwa sai arewa.

Da safe bayan ya karya ya ɗauko fartanya. Sara na farko, ƙamshi ya tashi ya cika gidan, har maƙwabta sai da suka ji. Kadi tana daka, ta tsayar da taɓarya. Daga cikin ɗaki muryar Tabawa ta fito.

"Malam, me kake yi a bayan nan?"

"Wuri nake gyarawa."

Ya ci gaba da sara. Can ta ce, "Ka bar mini ko saiwa ɗaya."

"Ita ba ta san ɗaya ba. In na bar ɗaya, kafin wata ta shaƙe wurin."

Ya bi saiwoyin da hannu, yadda yake bin ƙiri-ƙiri a gona, yana jawo su farare dogaye daga ƙarƙashin ƙasa, bai bar ko guntu ba. Aiki ne mai tsabta, ba wanda zai kushe shi. Ya watsa saiwoyin bayan danga, awaki suka taru. Ganyen kuwa Kadi ta zo ta kwashe, ta shanya a faifai cikin ɗakinta.

Sannan ya yi binne, kamar yadda ake yi wa gero kafin ruwa ya sauka. Ya sara ramuka goma sha ɗaya, kowanne zurfin yatsa. Ya yi bisimilla. Ya riƙa ɗiban ƙurar nan da bakin yatsu biyu yana sakawa, yana turo ƙasa da ƙafa, yana dannewa da dunduniya. Da ya gama ya karkaɗe takardar a rami na ƙarshe. Bai rage komai ba. Ya kewaye wurin da ƙaya saboda kaji.

Ya ce kowa ya ci gaba da alwala a nan. Ya ƙara da nasa. Ruwan wankansa ya raba biyu, rabi ya kai wa ramukan. Kowace safiya kafin ya tafi sharar gona sai ya durƙusa ya duba, kowace yamma haka.

Gero kwana huɗu yake yi ya huda ƙasa. Kwana huɗu suka wuce. Ya ce baƙon iri ne, sai ya saba da ƙasar. Kwana goma suka wuce. Ranar sha bakwai hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan shuka, gari duk ya fita gona. Sahabi ya shuka gonarsa a kwana uku. Kafin mako ta yi kore layi-layi, mutane suna wucewa suna cewa hannun tsohon nan bai tsufa ba. Ya dawo gida ya leƙa bayan ɗaki. Baƙar ƙasa ce kawai, da sawun dunduniyarsa goma sha ɗaya.

Busasshiyar na'a-na'ar da Kadi ta adana ta yi musu kwana ashirin da wani abu. Ran da ta ƙare, Kadi ta ajiye faifan a inda zai gani, babu komai a kai. Ya gani. Ya haɗa ruwan da fure zalla. Tabawa ta sha. Kunun ranar ya zauna. Na washegari ya dawo. Daga nan abin ya zama haka, yau ya zauna, gobe ya dawo, jibi ya dawo. Ta daina fitowa tabarma. Sahabi ya ce furen ne ya tsufa, ƙarfinsa ya ragu.

Ya koma ɗiba da yatsu biyu. Wanda aka riga aka jiƙa ya daina zubarwa, sai ya tsame shi ya shanya a murfin kwano, ya sake jiƙawa da yamma, kamar yadda ake yi wa ganyen shayi zagaye na biyu da na uku. Ruwan yana fitowa fari, ba launi ba ƙamshi. Tabawa tana karɓa da hannu biyu tana shanyewa.

Kadi ta taɓa aiko ƙanwar Sahabi ta tambaye shi ko a aika wa Ila ya turo wani furen. Ya ce a'a. Ya ce mutum yana can yana neman na kansa, ba za a bi shi da roƙo ba, kuma furen yana nan tafe a bayan ɗaki. Kadi ta aika duk da haka, a ɓoye. Saƙon bai shiga ba. Kowace rana sai ta hau tudun da ke bayan gari ta duba, yana nan yadda ta tura shi.

Wata safiya ya durƙusa ya ga tsiro. Guda ɗaya, a gefen rami na uku, da ƴan ganye biyu masu faɗi. Ya tashi ya shiga ɗaki, abin da ba ya yi da safe, ya ce wa Tabawa ya fito. Ta ce alhamdu lillahi. Ta ce ya kwatanta mata, ya kwatanta. Ya samo fasasshiyar tukunya ya kife a gefensa don rana, ya ƙara ƙaya. Yana ba shi ruwa da ludayi, a hankali, don kada ya kwanta.

Da ganye na gaba suka buɗe ya gane shi. Tafasa ce. Ya cire irinta a gona sau dubu nawa, ko da ido rufe zai gane ta. Bai cire ba. Ya ƙara kwana uku yana ba ta ruwa, yana zuwa yana dubawa ko zai ga ta sauya. Tabawa tana tambayarsa kullum yaya tsiron, yana cewa yana nan. Rana ta huɗu ya tuge ta, ya murje a tafin hannu, ya jefar. Daga ranar Tabawa ba ta sake tambaya ba.

Bayan noman fari Attahir ya biyo, zai wuce da dabbobi arewa tunda ciyawa ta fito. Suka zauna a zaure. Sahabi ya hura furno ya ɗora shayi irin nasu, mai ƙarfi. Attahir ya tsokane shi, ya ce har yanzu manoma ba su iya kumfa ba, shayinsu kamar ruwan wankin ƙwarya. Sahabi ya ce wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ai dole ya iya kumfa, ba shi da wani aikin. A zagaye na biyu Attahir ya kurɓa, ya tsaya, ya dubi finjalin. Ya ce ina ganyen uwargida, ko rowa ta zo gidan nan da tsufa?

Sahabi ya ce babu.

Attahir ya ce a kai shi ya gaida mai jiki. Ya tsaya daga ƙofa ya yi mata sannu, ya ji yadda muryarta ta koma, ya fito. Sahabi ya kai shi bayan ɗaki don ya nuna masa aikin. Ya gaya masa zurfin ramukan, da yawan ruwan da yake ba su, da kwanakin da suka yi, arba'in da uku. Attahir ya fara dariya, ya ce wato gero ka mayar da shi. Sai ya dubi ɗakin Tabawa, dariyar ta tsaya. Ya tambaya ko Ila bai aiko da bayani ba. Sahabi ya ce ya aiko wa mata.

Attahir ya ɗaga murya ya kira Kadi, ya ce ta kawo wayar. Ta zo ta durƙusa daga nesa, ta miƙa, ta nuna masa inda zai taɓa, ta koma can gefe. Sahabi ya juya zai tafi. Attahir ya kama bakin rigarsa.

"Tsaya nan. Ba mata, ba yara, ni ne kawai. Ni kuwa na san ka tun kana da haƙora."

Muryar Ila ta fito, da ƙarar iska a bayanta. Ya gaida Inna, ya gaida Baba, ya tambayi jiki. Sannan ya ce:

"Kadi, ki ji da kyau. Irin nan a ajiye shi sai sanyi, zafi kashe shi yake yi. In lokacin ya yi, a watsa shi a bisa ƙasa kawai, a yayyafa ruwa, kada a rufe. In aka rufe ba zai fito ba, sai ya ga haske. Ki roƙi Inna ta gaya wa Baba, na san hannunsa. Kuma in furen ya ƙare kafin nan, kada hankalinku ya tashi. Wanda ya ba ni ya ce shi furen sanyaya jiki yake yi, ya sa barci. Mai kwantar da cikin ita ce na'a-na'ar. Tunda tana nan bayan ɗaki, a yi ta ba ta, safe da yamma."

Ya ƙara da gaisuwa ga mutanen gari, saƙon ya ƙare.

Kadi ta zo ta karɓi wayarta ta tafi. Attahir ya saki rigar. Sahabi yana tsaye yana kallon ƙasar. Can ya tambaya, ba tare da ya juyo ba, ko irin da ya kwana arba'in a jiƙe zai iya rai. Attahir ya ce shi makiyayi ne, bai sani ba. Sahabi ya ce shi ya sani.

Duk da haka, da baƙon ya tafi, ya ɗauko rariya. Ya tone ramukan ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya shanya ƙasar ta sha iska, ya riƙa tankaɗewa a kan farin zane yana dubawa. Ya samu tsakuwa, da ƙwayar gero guda biyu da suka ruɓe, da wata tsohuwar allura. Abin da yake nema ko yana nan ba ya rabuwa da ƙasa. Ya yi ta yi har aka kira la'asar. Ya kuma bi gefen wurin da yatsa ko ya bar guntun saiwa a wancan karon. Bai bari ba.

Da ya kai wa Tabawa ruwanta na yamma ya zauna a bakin gado. Ya tambaye ta ko ta ji ƙarshen saƙon tun ran farko. Ta ce ta ji. Ya ce me ya hana ta faɗa. Ta ce ta fara, ta ga ya riga ya gama shawara. Ta ce shekara arba'in da shida ba ta taɓa juyo da shi daga abin da ya sa gaba ba, ba ta ga yadda za ta fara tana kwance ba. Ba da faɗa ta faɗa ba. Da faɗa ne da ya fi masa sauƙi.

Ranar kasuwar Belbeji ya bar noma, ya hau amalanken maƙwabci. Ya zaga kasuwar sau biyu. Lokacin damina ne, masu lambu duk suna gona. Daga ƙarshe ya samu wata tsohuwa a layin masu kayan miya da ɗauri biyu na na'a-na'a da aka kawo daga kudu, sun kwana a hanya, sun yi laushi. Babu saiwa ko ɗaya. Ya karɓe duka. Ya jiƙa hularsa ya naɗe su a ciki, ya dawo da kai a buɗe cikin rana, mutane suna kallonsa. Kafin ya iso rabin ganyen ya yi baƙi.

Ya tsince mai kyau ya haɗa da ɗan furen da ya rage. Ƙamshin ya shiga ɗaki kafin shi. Tabawa ta buɗe ido. Ta sha, aka ba ta kunu cokali uku, ya zauna. Washegari cokali huɗu, ya zauna. Sahabi ya ɗauki karan da ya tsince ganyensu, guda shida, ya soka a baƙar ƙasar, ya yi musu inuwa da tabarma. Tsohuwar ta ce suna kamawa, amma sai an ba su wata guda kafin a taɓa ganye.

Rana ta uku ganyen da ya rage ya yi yauƙi, ya fara wari. Ya jiƙa shi haka nan. Cikinta bai karɓa ba. Rana ta huɗu babu ganye. Furen ma ranar ya ƙare, ya kife gwangwani a tafin hannu ya bubbuga, abin da ya faɗo bai rufe ƙumba ba. A cikin karan shida, huɗu sun yi baƙi sun kwanta. Biyu suna tsaye tsirara. Kasuwa saura kwana huɗu.

Da hantsin rana ta biyar ya hura furno kamar kullum. Ya tafasa ruwa, ya sauke. Ya zuba a cikin gwangwanin, ya rufe, ya girgiza, ya bari ya jima, ya juye a finjali. Ruwan zafi ne da ɗan ƙamshin ƙarfe. Ya kai mata. Ya tallafo kanta, don yanzu ba ta iya tashi da kanta. Nauyin kan a hannunsa bai kai na ƙwaryar fura ba. Ta kurɓa sau biyu ta ce ya yi daɗi. Kadi ta kawo kunu ta ajiye a ƙofa. Ya ba ta cokali ɗaya. Kafin ya ɗebo na biyu ya dawo, har da ruwan.

Ya goge mata baki da gefen rigarsa. Ya ce gata zai koma Belbeji da sassafe, zai samo sabo, wannan karon zai tafi da tulu ya sa su a ruwa. Ta girgiza kai.

"Malam, kada ka sake tafiya. Hanyar da nisa. Ka zauna nan kusa."

Ya gane abin da take nufi. Ya gyara mata matashi, ya ja zane ya rufe mata ƙafa. Ya zauna har numfashinta ya daidaita.

Sannan ya fito tsakar gida. Rana ta take, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Ya nufi ƙofar ɗakin Kadi, inda bai taɓa tsayawa ba. Ya yi gyaran murya. Ta fito da sauri tana jan mayafi, ta durƙusa.

"Ki hau tudun nan ki aika masa. Ki ce ya taho."

"Baba, wanda na tura tun wancan watan bai shiga ba."

Bai tambaye ta wane ne ya ce ta tura ba.

"Ki sake."

Ta ce to. Ta miƙe, ta ɗauko wayar, ta kai bakin zaure, sai ta tsaya. Ba ta juyo ba ta tambaya ko ta ce masa ya zo da wani furen, da wani irin.

"A'a," in ji Sahabi. "Ya taho kawai."